Nnedi Okorafor da labarin al'ajabi na matasa: Nijar ta 2070 a idon baƙuwa

A cikin shekara ta 2007 aka buga wani ƙagaggen labari a birnin New York na ƙasar Amurka, cikin harshen Ingilishi, mai suna «The Shadow Speaker», wato mai magana da inuwoyi. An rubuta shi ne domin samari da ƴanmata waɗanda suka girmi tatsuniya amma ba su kai ga littattafan manya ba. Labarin a ƙasar Nijar ya fara, cikin shekara ta 2070. Tauraruwarsa yarinya ce Musulma ƴar shekara 14, wadda ta hau raƙumi ta ratsa hamada ta bi ta Agadas, kuma jarumar da take bin sawunta ana kiranta Sarauniya Jaa. Marubuciyar, Nnedi Okorafor, ba Bahaushiya ba ce, ba kuma ƴar Nijar ba ce. Ƴar ƙabilar Ibo ce haifaffiyar Amurka, kuma a yau tana cikin mashahuran masu rubuta labarun al'ajabi a duniya.

Dalilin kawo zancenta gaban masu binciken harshe da masu tsara aikin yaƙi da jahilci a fili yake. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, inda ake fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, akwai tambaya guda wadda ba ta gushe ba: wanda ya iya karatu, me zai karanta? An yi ƙoƙari wajen littattafan koyon baƙi da na lissafi, da ƙasidun noma da kiwon lafiya. Amma ɗan shekara 13 ko 15 ba ya raba dare a kan ƙasidar takin zamani, kuma karatun da ba a yinsa don marmari, sannu a hankali yakan zube. Okorafor ta shafe fiye da shekara 20 tana rubuta wa masu waɗannan shekaru, da kayan da ta ɗebo daga Afirka. Saboda haka ya kamata a duba yadda ta yi, da inda ta dace, da inda hannunta bai kai ba.

An haife ta ran 8 ga watan Afrilu 1974 a birnin Sinsinati na jihar Ohayo. Iyayenta sun tafi Amurka karatu a 1969, yaƙin basasar Najeriya kuma ya hana su komawa gida a lokacin da suka so. Ta tashi a unguwannin bayan birnin Shikago, inda baƙar fata ba su da yawa a wancan zamani, ta kuwa sha wulakanci daga ƴaƴan maƙwabta. Tun tana ƙarama iyayenta sukan kai su Najeriya ganin dangi, can kuma ana kallonta a matsayin Ba'amurkiya. Wannan zama na tsaka-mai-wuya shi ne ya bi kusan dukan taurarin littattafanta: kowace yarinya a cikinsu tana da gida biyu, kuma babu wanda ya karɓe ta ɗungum.

A ƙuruciyarta ba ta nufi rubutu ba. Gwanar wasan tanis ce da tsere, kuma burinta shi ne nazarin ƙwari. Tana da shekara 13 likitoci suka gano ƙashin bayanta yana karkacewa, abin kuma ya yi ta ƙaruwa har ta shiga jami'a. Tana da shekara 19 aka yi mata aikin tiyata don a miƙar da shi, ta farka ta tarar daga ƙugu zuwa ƙasa ya shanye. A kan gadon asibitin nan ne ta fara rubuta ƴan gajerun labarai a gefen shafukan wani littafi na Isaac Asimov da aka kawo mata, mai suna «I, Robot». Bayan doguwar jinya ta koma tafiya, da farko da sanda, amma wasan ya tafi ke nan. Ita da kanta ta ba da wannan labari a wani ɗan littafi da ta fitar a 2019, «Broken Places & Outer Spaces». Daga nan ta juya ga adabi: ta yi digiri na biyu a aikin jarida a jami'ar jihar Mishigan, ta halarci taron horar da marubuta na Clarion a 2001, ta kammala digirin dakta a jami'ar Ilinoi da ke Shikago a 2007, sa'an nan ta koyar a jami'o'i dabam-dabam. Masu kula da ɗakunan karatu su lura cewa littattafanta na farko sun fito ne da sunan Nnedi Okorafor-Mbachu.

Sau da yawa tarihin marubuci ba ya ƙara wa mai nazari kome, sai dai ya cika shafi. A nan al'amarin ya bambanta, gama abin da ya same ta a asibiti shi ne ƙashin bayan jigon da ta yi ta komawa gare shi: abin da jama'a suke ɗauka aibi ne a jikin yaro, ta nan baiwarsa take shigowa.

Littafinta na farko, «Zahrah the Windseeker» na 2005, ya nuna haka ƙarara. Zahrah yarinya ce da aka haifa da gashi a dunƙule, tsirrai masu yaɗo suna fitowa a cikinsa, abin da mutanen garinsu suke camfawa, yara kuma suna tsokanarta a kansa. Daga baya ta gane tana iya tashi sama. Da abokinta Dari ya kwanta rai a hannun Allah, sai ta shiga ƙungurmin dajin da aka hana kowa shiga don ta samo masa magani. Wanda ya san tatsuniya ya san wannan hanya: marainiya ko ƴar bora, da dajin da ba a shiga, da abin da za a ɗauko a komo da shi. Sabon abu shi ne duniyar da aka ɗora labarin a kanta, wadda ake kira Ginen, inda ake shuka gidaje kamar itatuwa, kwamfuta ma daga iri take tsirowa ta girma tare da mai ita. Marubuciyar ba ta raba fasahar zamani da daji ba, kamar yadda littattafan lakkol suka saba yi, inda ci gaba yake nufin siminti da ƙarfe, daji kuwa koma-baya. Wannan littafi ya ci kyautar adabin Afirka ta Wole Soyinka a 2008. Shi ne mafi sauƙin zubi a cikin ayyukanta, kuma mai yiwuwa shi ne mafi kammala, domin hanya ɗaya ya bi bai ratse ba.

Littafin Nijar

«The Shadow Speaker» ya fi shi buri, ya kuma fi shi rauni. Ga yadda yake a taƙaice. An yi yaƙi a duniya, an harba makaman nukiliya, aka kuma saki wasu bama-bamai da aka ƙera don su kashe kaifinsu. Haɗuwar biyun ta sāke halittar duniya: shingen da ke tsakaninta da wasu duniyoyi ya yi rauni, aka fara haihuwar yara masu baiwa iri-iri, wasu suna tashi sama, wasu suna kiran ruwa, wasu suna jin maganar inuwoyi. Ejii tana cikin na ƙarshen nan. Uwarta Ibo ce, ubanta Bororo ne daga Woɗaaɓe, kuma shi ne ya riƙe garinsu, Kwàmfà, da mulkin kama-karya, ya ƙuntata wa mata musamman. Tana da shekara 9 Sarauniya Jaa ta komo garin ta fille masa kai a gaban jama'a, yarinyar tana kallo. Bayan shekara biyar inuwoyi suka gaya mata ta bi Jaa zuwa wani taro a Ginen, gama in ba ta je ba yaƙi zai ɓarke tsakanin duniyoyin biyu. Ta kama hanya a kan raƙuminta mai magana, a hamada kuma ta gamu da Dikéogu, yaro mai kiran ruwa wanda ya gudo daga bauta a gonakin koko.

Ƙarfin littafin yana ga dangantakar Ejii da Jaa. Matar da ta kashe mata uba ita ce ta ƴantar da garinsu, ita ce kuma yarinyar take sha'awar ta zama kamarta. Marubuciyar ba ta sauƙaƙa wannan ƙulli ba. Uban azzalumi ne, ƴarsa ta san haka, amma sanin bai goge abin da idonta ya gani ba. Jaa kuwa jaruma ce mai kwarjini, mai miji biyu, wadda takobi ya fi magana kusa da hannunta, kuma a hankali yarinyar take gane cewa hanyar da ta ceci Kwàmfà ita ce za ta jawo yaƙi in aka bi ta a Ginen. Ashe aikin da aka aike ta shi ne ta tsaya tsakanin gwanarta da takobinta. Ba kasafai littafin matasa yake yarda ya ce wa mai karatu wanda ya ƴantar da kai ma yana bukatar mai riƙe masa hannu ba, kuma a ƙasashen da suka ga sauyin mulki da bindiga ba sau ɗaya ba, ɗan shekara 15 ba ya bukatar a fassara masa wannan magana.

Mai karatu ɗan Nijar ba zai ji sunan Sarauniya ba tare da ya tuna da Sarauniya Mangu ta Lugu ba, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, wadda Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta da Faransanci a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Kwatanta su biyun yana da amfani. Sarauniyar Mamani ba ta da aibi, gama an gina ta ne don ta zama tutar ƙasa a gaban ɗan mulkin mallaka. Ta Okorafor tana da aibi, saboda an gina ta ne don yarinya ta auna kanta da ita, ta ɗauki abin ɗauka ta bar abin bari. A wajen tarihi da kishin ƙasa littafin Mamani ya fi nauyi nesa. A wajen tarbiyyar hankalin matashi, wanda yake shekarun gano cewa manyansa ma suna kuskure, na Okorafor ya taɓa wurin da wancan bai taɓa ba.

Akwai ƴan abubuwa a cikin sunayen da za su ja hankalin masanin harshe. Rubuta «Jaa» da wasali biyu ya yi daidai da ƙa'idar da aka bi a Nijar bayan taron Bamako na 1966, lokacin da ake ninka wasali don nuna tsawonsa, kafin a daidaita rubutu da na Najeriya bayan taron Yamai na 1980. Sifar kuma ta zo bayan suna, abin da nahawun Hausa ya yarda da shi, ko da yake «jar sarauniya» ya fi zama a baki. Sunan garin, wanda ƙagagge ne, yana ɗauke da alamar karin sauti na ƙasa a kan wasulansa biyu, irin wadda ake gani a ƙamus da littattafan nahawu, wadda kuwa babu Bahaushen da yake sa ta a wasiƙa. Ɗaya daga cikin mazan Jaa sunansa Gambo. Shi kuwa raƙumin, sunansa da Ingilishi yana nufin albasa, abin da zai ba mutumin Galmi dariya fiye da yadda zai ba yaron Shikago.

To amma a nan ne kuma raunin yake. Waɗannan kalmomi ado ne a bango, ba su shiga cikin ginin ba. Nijar ta littafin ita ce wadda matafiyi yake gani: rairayi, raƙumi, rawani, guguwa, kasuwar Agadas. Abin da ba a cika ji ba shi ne yadda mutane suke zama da juna, wato gaisuwar da ba ta ƙarewa, da kunyar ɗan fari, da wasan taubasai, da yadda yarinya take magana da kishiyar uwarta, da matsayin malamin zaure a rayuwar yaro. Ejii Musulma ce, an faɗa, ana kuma ganin alamun haka, amma tunaninta game da gaibu bai yi kama da na wadda ta tashi tana jin labarin aljannu da iskoki a tsakar gida ba. Mafi yawan abin al'ajabin da marubuciyar ta fi iya sarrafawa daga kurmin ƙasar Ibo ta ɗauko shi, can ne hannunta yake da ƙarfi, kuma ba banza ba ta ba tauraruwar uwa Ibo da aboki Ibo. Ta san iyakarta, ta yi wa kanta gada. Duk da haka wanda ya san abin da ke cikin taskar bori kaɗai, da Doguwa da Sarkin Rafi da sauran mutanen Jangare, zai ga an wuce rumbu cike an tafi neman hatsi nesa. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa a buɗe. Wannan baƙuwa ta ga abubuwa da yawa, kuma da idon mutunci ta gan su, amma daga bakin ƙofa.

Aibi na biyu na zubi ne. Tafiyar hamada an ba ta haƙƙinta, ana jin tsawonta da ƙishinta. Da aka isa Ginen sai abubuwa suka yi ta rige-rige, sababbin halittu da sarakuna suna shigowa kafin mai karatu ya san na farko, taron da aka yi doguwar tafiya dominsa kuma ya wuce da sauri. Littafin ya daɗe ba a sake buga shi ba, sai a 2023 marubuciyar ta gyara shi ta fitar, tare da ci gabansa mai suna «Like Thunder», wanda ya bi labarin Dikéogu.

Da ta koma ƙasar iyayenta sai muryarta ta zauna. «Akata Witch» na 2011 labarin Sunny ne, zabiya ƴar shekara 12, haifaffiyar New York wadda iyayenta suka komo da ita kusa da garin Aba. Rana tana ƙona ta, ƴan ajinsu suna yi mata ba'a da launin fatarta da kuma harshenta na Amurka. Sai ta gano tana cikin wata ɓoyayyiyar al'umma da ake kira mutanen Damisa, masu makarantunsu da kasuwarsu da dokokinsu, waɗanda a wurinsu naƙasar mutum ita ce alamar baiwarsa. Abokinta Orlu, wanda haruffa suke rikice masa a lakkol, shi ne gwanin warware abin da aka ƙulla. An sha kwatanta littafin da na Harry Potter, kuma kamar tana nan a fili: yara huɗu, malamai, mugu da za a tunkara. Amma akwai dabaru biyu a cikinsa da suka cancanci mai tsara karatu ya tsaya a kansu. Na ɗaya, kuɗin mutanen Damisa, wanda ake kira chittim, ba a samunsa da ciniki ko gado. Yakan faɗo ne daga sama a gaban mutum duk lokacin da ya fahimci wani sabon abu. Na biyu, littafin da Sunny take koyo da shi an rubuta shi da nsibidi, tsofaffin alamun rubutu na kudu maso gabashin Najeriya, kuma alamun suna motsi a kan takarda, ba sa tsayawa sai ga wanda ya yi haƙuri, karatun kuma yana gajiyar da jiki kamar noma. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo a ajin dare yana kokawa da baƙaƙe, gumi yana keto masa, ya san ba ƙarya aka yi ba. An mai da koyon karatu abin jarunta ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba. Nan ma ƙarshen ya zo da gaggawa: mugun da aka yi ta jin tsoronsa tun farko, cikin ƴan shafuka aka gama da shi. Littafi na biyu, «Akata Warrior», ya fito a 2017, na uku, «Akata Woman», a 2022.

Sauran ayyukanta ba na matasa ba ne zalla, za a ambace su ne kawai don a san girman sunanta. «Who Fears Death» na 2010, wanda aka ɗora a kan Sudan ta wani zamani mai zuwa, ya ci babbar kyautar labarun al'ajabi ta duniya a 2011. «Binti» na 2015, labarin wata yarinya daga Himba na Namibiya da ta tafi jami'a a sararin samaniya, ya ci kyaututtukan Hugo da Nebula. Ta rubuta wa kamfanin Marvel labarun zane na Black Panther da Shuri. A «Noor» na 2021 ta komo arewacin Najeriya, da wani makiyayi Bafillace a cikin taurarin. A 2019 ta rubuta bayani a kan sunayen da ta zaɓa wa aikinta, tana mai rarrabe labarin da tushensa yake Afirka da wanda baƙaƙen Amurka suke rubutawa game da rayuwarsu a can.

Al'ajabi ba baƙo ba ne a rubutun Hausa. Da shi aka fara. «Ruwan Bagaja» na Abubakar Imam da «Ganɗoki» na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar 1933, cike suke da aljannu da ƙasashen da ba a taswira. «Iliya Ɗan Maiƙarfi» na Ahmadu Ingawa ya bi bayansu, a 1969 kuma Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a «Tauraruwa Mai Wutsiya». A Nijar Boubou Hama, tare da Andrée Clair, ya rubuta wa yara littattafai da dama daga tatsuniyoyin ƙasa a shekarun 1970, sai dai da Faransanci. Saboda haka babu abin da Okorafor za ta koya wa Bahaushe game da ƙirƙiro dodo. Bambancin yana wani wuri.

A tatsuniya, da littattafan farko da suka gaje ta, abin al'ajabi ba shi da doka. Yana zuwa lokacin da mai ba da labari yake bukatarsa, ya tafi in an gama da shi, a ƙarshe kuma a ce ƙurunƙus, a jingina ƙaryar ga Gizo, kowa ya tafi ya kwanta. Tauraron ma yadda ya shiga haka yake fita: Alhaji Imam na ƙarshen «Ruwan Bagaja» ya ƙaru da dukiya da labari, amma wayonsa da halinsa su ne na farko. Irin wannan zubi yana ɗaukar dare ɗaya, ko jerin darare, kowane da labarinsa. Ba ya ɗaukar shafi 300 a kan mutum guda. A wurin Okorafor kowace baiwa tana da ƙa'ida da farashi: Ejii sai ta yi tafiya baiwarta take girma, tafiyar kuma tana iya kashe ta, Sunny in ta karya dokar mutanen Damisa akwai hukunci. Da yake mai karatu ya san dokar, yana iya lissafi tare da tauraruwar, ya ji tsoro a inda ya kamata, ya yi gardama da abokinsa a kan abin da ya kamata ta yi. Kuma yarinyar da ta fita daga littafin ba ita ce ta shiga ba. Waɗannan abubuwa biyu, doka a cikin al'ajabi da sauyin hali a cikin tauraro, su ne suke riƙe matashi har ya kai bango, kuma dabara ce da ake koyo, ba ta da alaƙa da harshen da aka rubuta da shi. Wani abu kuma, taurarin tsofaffin littattafan nan duka maza ne, alhali a ƙauyukan Maraɗi da Tawa ƴanmata ne suka fi saurin barin lakkol.

Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, zancen fassara irin waɗannan littattafai zai taso, kuma wahalarsa ba a nahawu take ba. Tana ga kalmomi ƙalilan. Sunan «Akata Witch» kansa misali ne. Kalmar farko zagi ce da ake yi wa baƙar fatar da aka haifa a Amurka, marubuciyar ta ɗauke ta da gangan don ta kashe dafinta. Ta biyu kuwa, in aka bi ƙamus, «mayya» za a ce. Ga yaron Amurka wannan kalma ta wasa ce, ta hula mai tsini da tsintsiya. A ƙasar Hausa maita zargi ne da yake raba aure, ya kori tsohuwa daga gari, kuma babu uban da zai bar ƴarsa ta shigo gida da littafi mai wannan suna a bango. Ko a Najeriya, da kamfanin Cassava Republic ya buga shi, sai da aka sāke masa suna zuwa «What Sunny Saw in the Flames», wato abin da Sunny ta gani a cikin harshen wuta.

Haka nan kalmar da ake fassarawa da sihiri. Sihiri da tsafi da bokanci da asiri da siddabaru, kowannensu yana da mazauninsa da hukuncinsa a wurin malamai da jama'a, kuma babu ɗaya a cikinsu da yake nufin abin da aka haifi yaro da shi ba da neman sa ba. «Baiwa» ta fi kusa, ita aka yi amfani da ita a wannan sharhi, sai dai tana da tsabta fiye da kima, ba ta ɗauke da tsoron da mutanen Kwàmfà suke ji in sun haɗa ido da Ejii. Ita ma «inuwa» a bakin Bahaushe wurin hutu ce da kariya, shi ya sa ake cewa wane yana cikin inuwar wane, har a raɗa wa yaro suna da ita; mai magana da inuwoyi ba zai ba kowa tsoro ba. In kuwa mai fassara ya nemi abin da zai sa tsigar jiki ta tashi ya ce «kurwa», to ya komo da maita ta ƙofar baya, gama kurwa ita ce abin da aka ce maye yana kamawa. Raƙumin kaɗai ne ba shi da gardama: Albasa sunansa.